Sarƙar da Ta Yi Kore

Maƙerin zinare ya goga sarƙar a kan baƙin dutse, ya ɗiga ruwan asid. Zanen ya yi kore, ya ɓace.

"Tagulla ce, an yi mata wankan gwal."

Mai sarƙar, malamar makaranta ce, ta dafe bango. Gadon uwarta ne ta kawo sayarwa don a yi wa 'yarta aikin zuciya, yarinyar tana kwance asibiti.

Sufeton 'yan sandan da aka ba binciken mace ce mai zafin kai, ga shi abin ya ƙona mata rai. Da maƙerin ta fara, don shi ya gyara maɗaurin sarƙar bara.

"Kai ka musanya?"

"Ranki ya daɗe, a gaban mijinta na gwada ta, na liƙe maɗaurin, ya tafi da ita nan take. Duba wannan, ina tabon liƙi?"

Babu shi.

Sai ƙanwar Malama, wadda ta ari sarƙar kwanan baya. A fusace ta janye mayafi, wuyanta duk tabon ƙuraje.

"Jikina ba ya ɗaukar jabu. Na sha sa sarƙar Inna lafiya lau, sai wannan karon. Na zaci zafi ne."

Ashe tun kafin aron an yi ɓarnar.

Mijin Malama ya shigo da fuskar tausayi, shi da dangi ke ta yabo don ya hana a sayar da gadon surukarsa.

"Ranar gyara ka kai ta gida?" in ji Sufeto.

"A ranar."

Malama ta ɗago. "Ka ce min maƙeri ya riƙe ta sai ya samu sarari."

Sufeto ta buga teburi. "Maƙeri bai riƙe komai ba. Kai ka riƙe ta har aka ƙera maka irinta, mai ƙirar ya manta da tabon liƙi. Shi ya sa kullum kake cewa a adana, kada a sa. 'Yarka tana numfashi da ƙyar, kai kana roƙon kada a sayar, don ka san dutse zai tona ka. Ba ka ji kunya ba?"

Ya sunkuyar da kai. "An narkar da ita. Wallahi na yi niyyar mayarwa."

Malama ba ta yi kuka ba. Ta kama hannunsa ta danƙa masa tagullar.

"Ungo. Je ka asibiti ka faɗa mata da bakinka."