Wig ɗin da Aka Wanke da Ruwan Sanyi

Ranar Alhamis da hantsi, a shagonta na gyaran gashi da ke unguwar Nima, Mulikatu ta zaro matajin ƙarfe daga murhun gawayi ta ɗora a kan wig ɗin Hajiya Amama. Gashin ya narke, ya manne da matajin, warin ƙonanniyar roba ya cika shagon. Gashin mutum ba ya haka. Wig ɗin da Hajiya ta kawo gyara saboda bikin 'yarta kuwa na gashin mutum ne, daga Landan ɗan'uwanta ya aiko mata.

Kafin azahar labari ya kai Kasuwar Makola, inda Hajiya ke sayar da atamfa: wai Mulikatu na karɓar na gaske ta mayar da na roba. Mai wannan sana'a ba ta da jarin da ya wuce amana. In ta zube, shago ya rufu.

Sajan Mas'udu na 'yan sanda ya zo bayan la'asar. Mutum ne da bai ga dalilin da mace za ta ɗora gashin wata a kanta ba, amma sata sata ce. Ya duba ƙofa, ba a fasa ba. Ya juya wig ɗin da ke kan kai na katako. An yanke shi daidai da na Hajiya, har da jan zaren da ake sawa a ciki don shaida.

Ya fara da mai kayan. "Hajiya, kin tabbata na gaske kika kawo?"

"Ɗana, tambaye ta! Ranar Litinin a gabana ta tsinke sili ɗaya ta sa masa ashana. Ya yi ƙauri, ya zama toka."

"Haka nake yi wa kowa," in ji Mulikatu. "Na roba dunƙulewa yake yi kamar danƙo."

Ashe ba daga waje aka shigo da ha'incin ba. Makulli kuma uku ne: na Mulikatu, na Kadiri tela da ya ba ta hayar ɗakin, da na Fulera, wadda ta shekara goma sha ɗaya suna aiki tare.

Kadiri ya yi dariya. "Ofisa, tun Lahadi ina Kumasi wajen zaman makoki, makulli na aljihuna. Yau na sauka. Ni ko gaba da bayan wannan abu ban sani ba." Maƙwabta biyu suka gaskata shi.

Mas'udu da kansa ya cire Mulikatu daga zargi. Wadda ta san roba ce ba za ta sa mata wuta da hannunta a gaban mata uku masu jiran layi ba.

Ya ja benci ya zauna kusa da Fulera. "Anti, koya mini. Yaya ake wanke gashin mutum?"

Fulera ta saki jiki, don ba abin da take so kamar a tambaye ta aikinta. "Ruwa mai ɗumi, sabulu mai laushi. Ka shafa mai a bakin gashin, ka naɗe a rola."

"Na roba fa?"

"Ruwan sanyi kawai. Ba mai, don ba ya sha, ƙura yake kwasowa. Ka shanya a inuwa."

"Wa ya wanke na Hajiya?"

"Ni, jiya."

Ya shafa yatsa a gashin, ya murza a kan takardar littafinsa, ya ɗaga. Ba tabon mai ko ɗaya. Ya juya ga Mulikatu. "Jiya an ɗora ruwa a wuta?"

"A'a. Jiya ko gawayi ba mu hura ba."

"To Anti Fulera, jiya duk duniya ta ɗauka gashin mutum ne. Ke kaɗai kika yi masa wankin roba. Wa ya gaya miki?"

"Na ji a hannuna ne."

"Kika ji, kika yi shiru, kika tsaya kina kallo ta ɗauko mataji daga wuta?"

Fulera ta zauna a ƙasa. Mas'udu ya dube ta da mamaki. Ta iya musanya kayan amana, ta iya ɗinka zaren ƙarya, amma hannunta ya ƙi yi wa gashi wankin da ba nasa ba.

"Na gasken yana gidana a Mamobi, cikin matashin kaina," in ji ta. "Ban taɓa ko sili ba. Sista, shekara goma sha ɗaya! Ni ke naɗi, ni ke yanka, allon ƙofa kuma sunanki kaɗai. Na kama ɗaki a Kokomlemle don buɗe nawa shagon. Na ce in sunanki ya faɗi, matan za su biyo ni."

Ƙorafinta na da ƙamshin gaskiya, amma wanda aka tauye wa haƙƙi baki aka ba shi ya faɗa, ba a ba shi izinin rushe gidan wani ba.

Hajiya ta gyara mayafi. "Gobe da bakina zan warware maganar a Makola."

Mulikatu ba ta ko kalle ta ba. Idonta na kan Fulera. "Da kin tambaya, Fulera. Fenti gwangwani ɗaya ne zai ƙara sunanki a allon."

Mas'udu ya rufe littafinsa. "Tashi mu je Mamobi."