Gyadar Sadaka

Kai mai karatun nan, da kai nake. Akwai gida irin na Goggo Hinda a garinku, kuma ka san shi. Ka san inda matan da mazansu suka rasu suke kwana, su da marayun da ba mai tuna su in an zo rabon tuwo. Kaka ta yi, ka auna ƙwarya ɗaya ka miƙa wa wani ya kai musu, ka shafa fatiha, ka kau da kai. Ko sau ɗaya ba ka taɓa tambayar abin da ya isa hannunsu ba. To saurari abin da wannan kau da kai ya jawo a Kwarin Tamu, wani ƙauye tsakanin Waca da Dungas, a bazarar 1957.

Ranar Talata da sassafe wani dattijon gardi, ɗan sandan gwamnati mai suna Isufu, ya shigo biro, ofishin 'yan sanda, a Magaria, ya ƙame gaban Insifekta Muttaƙa, ya kira shi Mushe, yadda ake girmama babba a harshen Nasara.

"Mushe Insifekta, yarinya ta mutu a Kwarin Tamu. Ta biyu na kwance. Gari ya ce maita ce."

"Wa suke zargi?"

"Goggo Hinda. Sun ba ta zuwa la'asar ɗin yau. In yarinyar ba ta tashi ba, za su cinna wa gidan wuta da ita a ciki."

Muttaƙa ya san sunan. Tsohuwar ungozoma ce da ta kewaye fili da zana, ta tara zawarawa bakwai da marayu sha huɗu. Tana koya musu kaɗi da ɗinki, wata daga cikinsu kuma tana koya wa yaran baƙaƙen boko a kan allo. Da sadakar manoma gidan yake rayuwa.

Ya ɗauki kayansa, suka hau kamyo, babbar motar gyada mai zuwa Dungas.

Rana ta take sosai lokacin da suka sauka. Ba kowa a gindin bishiyar kasuwa, ba kowa a bakin rijiya. Duk garin yana ƙofar gidan Goggo, maza da sanduna, mata a baya da hannu a haɓa. Wani ya riga ya jingina damin kara a jikin zana. Abin da ya fi damun Muttaƙa shi ne shirun. Taro mai ihu yana jin magana. Wanda ya yi shiru ya riga ya yanke.

Maigari Dikko ya tare shi.

"Ranka ya daɗe, wannan ba aikin Nasara ba ne. Laraba ta mutu tana kiran sunan matar nan. Yanzu Mariyama ma ita take kira. Wanda aka kama wa kurwa, ai sunan mai kamun yake faɗa."

"Ka gani da idonka?"

"Na ji da kunnena."

"To ba ni hanya in gani da nawa."

Ɗakin duhu ne, yana warin amai. Goggo Hinda na zaune a ƙasa, ta ɗora kan yarinya 'yar shekara biyar a cinya. Jikin yarinyar ya sanƙare, ya saki, ya sake sanƙarewa. Kumfa na fita ta gefen bakinta. "Goggo," in ji ta a hankali, "Goggo."

Tsohuwar ba ta ɗago ba.

"Ka ji ko, ɗan nan? Shaidarsu ke nan. Uwarta ta mutu a hannuna ranar da ta haife ta. Wa kake so ta kira?"

"Goggo, yaushe abin ya fara?"

"Kwana huɗu. Yara shida suka yi amai. Biyun nan ya fi kamawa."

"Ke fa?"

"Lafiyata lau. Shi ma sun ce shaida ne."

"Me yaran suka ci da ke ba ki ci ba?"

Sai a lokacin ta dube shi.

"Kunun gyada. Ba ya isar kowa. Manya mukan bar wa yara, ramammu kuma in ƙara musu ludayi." Ta shafa kan yarinyar. "Laraba da wannan su ne ramammu."

Muttaƙa ya fita zuwa madafa. Saratu, bazawarar da ke koyar da yaran, ita ce mai daka a wannan makon. Tana ganin kakinsa ta ja da baya.

"Ni ban ga komai ba, Mushe."

"Ban tambaye ki ba tukuna. Ina kajin gidan nan?"

Ta saci kallon bayan ɗaki.

"Ga akurki, ga kashin kaji, ba kaza ko ɗaya. Ina suke?"

"Sun mutu. Uku. A gindin turmi. Na binne su bayan ɗaki, don in gari ya ji, cewa za a yi da su ta fara."

"Kawo mini gyadar."

Ta jawo rabin buhu daga ƙarƙashin rumfa. Muttaƙa ya ɗibo a tafin hannu. Fatar ƙwayoyin a yamutse take, wasu sun kode.

"Haka ake kawo muku kullum?"

"A'a. Gyadar sadaka da ɓawonta take zuwa, ta gonaki da yawa, wata ƙanana wata manya. Wannan a ɓare ta zo, duk kai ɗaya. Har murna na yi, na ce an hutar da mu ɓara. Da ɗan danshi ma a gindin buhun."

"Danshi? Wata nawa rabon da a yi ruwa?"

"Bakwai."

"Wa ya kawo?"

"Manzo mai mangaza. A wurinsa ake ajiye sadakarmu tun kaka."

"Kada kowa ya sake taɓa buhun nan. Ko akuya."

A zaure Maigari ya rantse cewa shi da kansa yake duba kowane buhu kafin a kai gidan marayu.

"Madalla," in ji Muttaƙa. "Na ƙarshen, da ɓawo yake ko a ɓare?"

"Da ɓawo mana."

"Ka tabbata?"

Maigari ya gyara rawani. Ya sake gyarawa.

"To... gaskiya bana ban samu sukuni ba. Amma Manzo mutumin kirki ne, ranka ya daɗe. Sahun gaba yake salla."

Mangazar tana gabas da gari, ginin ƙasa da ƙofar kwano. A nan ake ajiye gyadar iri da ake raba wa manoma kafin damina. Manzo ya fito da murmushi da makullai a wuya. Mutum ne mai tsabta, farar rigarsa ba ɗigon komai.

"Sannu da zuwa, Mushe. Abin tausayi, wallahi. Ni da hannuna nake kai musu abinci."

"Buhun ƙarshe, yadda manoma suka ba ka shi ka kai?"

"Ko ɗinkin ban kwance ba."

"Manoman ne suka ɓare ta?"

"Wataƙila matan gidan ne. Ka san mata."

Muttaƙa ya shiga ciki. Buhunan iri suna jere, kowanne da hoton ƙoƙon kai a jiki, alamar guba. Ya kwance bakin ɗaya. Ɓararriyar gyada ce, duk kai ɗaya, an bulbule ta da jar hoda.

"Mece ce wannan?"

"Maganin ƙwari. Sabon abu ne, bara aka fara kawo shi. Ka gani ja ce wur. Wa zai ga wannan ya ci? Tasu kuwa ai ba ja ba ce."

"Na ce maka tasu ba ja ba ce?"

Murmushin ya ɗan tsaya, ya dawo.

"Ai ni na kai."

Muttaƙa ya yi masa sallama kamar ya gamsu, ya zagaya ta bayan ginin. Can ƙasan garu ya tarar da wani wuri da aka zuba sabon yashi. Ya tona da takalmi. Ƙarƙashin yashin laka ce busasshiya, ja kamar an yanka rago. Ƙadangaru biyu na kwance a gefe, sun bushe. Tururuwa ba ta kusance su ba.

Ya san abin da ya faru. Amma jar laka ba za ta tsayar da mutum ɗari masu sanduna ba, kuma inuwa ta fara tsawo.

Ya kira Isufu gefe.

"Baba Isufu, nemo mini gyada mai kyau wajen mai talla. Ka ɓare ta, ka jiƙa, ka shanya a rana ta yamutse. Kada kowa ya gan ka."

"In Manzo ya gane fa, Mushe? In ya ɗiba ya ci a gabansu?"

"To mun kashe Goggo da hannunmu."

Ana idar da sallar la'asar aka fito da Goggo. Aka shimfiɗa Mariyama a tabarma a tsakar fili. Al'adar ita ce wadda ake zargi ta tsallake mara lafiya sau uku don ta saki kurwar. In ta tsallake, ta amsa laifi ke nan. In ta ƙi, ta ƙi saki.

"Tsallake ta, mayya!" wani ya yi ihu daga baya.

"Ba zan tsallake 'yata ba," in ji Goggo. Ba ta matsa ba.

Wani ya ƙyasta ashana. Dutse ya faɗi kusa da tabarmar.

Muttaƙa ya shiga tsakiya da ƙwarya a hannu.

"Jama'a, ku tsaya! Kun ce maita ce. Na yarda, ban san kurwa ba. Amma in maita ce, abincin gidan nan ba shi da laifi, ko ba haka ba?"

"Haka ne," in ji Maigari.

"To ga gyadar da yaran suka ci. Sadakarku ce, daga gonakinku. Kowa ya ɗibi kaɗan ya ci, mu cire ta daga zargi. Daga nan sai in koma Magaria. Manzo, kai ka kawo, kai za ka fara."

Manzo ya dubi ƙwaryar. Ya yi 'yar dariya.

"Azumi nake, Mushe. Nafila."

Wasu suka gyaɗa kai. Mai ashana ya matsa kusa da damin kara, ya ƙyasta wata.

Sai ga wata tsohuwa ta kutso da sanda, tana faɗa. Mahaifiyar Manzo ce.

"Kai, ɗan sanda! Ɗana kake so ka kunyata a bainar jama'a? A cikin sadakar nan har da ƙwaryata. Ba ni nan, ni ba na azumi!"

Ta dumbuza, ta kai baki.

"Inna!"

Manzo ya yi tsalle ya doke hannunta. Gyada ta watse a ƙasa. Ya kama haɓarta yana sa yatsa a bakinta. "Tofar, Inna! Tofar, don Allah! Kin haɗiye?"

Ba wanda ya yi motsi. Ashanar ta cinye har ta ƙona yatsan mai ita.

"Ƙyale ta," in ji Muttaƙa. "Ta mai talla ce. Ta gasken tana cikin buhu. Me ya sa kake tsoron sadakar mutane, Manzo?"

Manzo ya durƙushe.

"Na wanke ta," ya ce. "Wallahi na wanke ta."

"Ina gyadar da manoma suka bayar?"

"Wani kamyo ya zo daga ƙasar Ingilishi, ƙetaren iyaka, da rani, gyada na tsada. Na sayar. Na ce kafin su nema zan mayar. Sai Goggo ta aiko. Ga iri nan jibge, ba mai dubawa." Ya ɗaga hannuwa sama. "Sau bakwai na wanke ta, jama'a! Ko kare ya sa baki a ƙwarya, in an wanke sau bakwai ai ta tsarkaka. Na ga jan ya fita. Na ce ta halatta."

"Najasa ake wankewa," in ji Muttaƙa. "Wannan guba ce, ta shige cikin ƙwayar. Da Laraba ta mutu fa? Ka gane?"

Manzo ya kau da kai.

"Ka gane?"

"Na gane."

"Kuma ka bar rabin buhu a gidan. Ka tsaya cikin taron nan kana jira a ƙone tsohuwa."

Mahaifiyarsa ta dube shi tsawon lokaci. Ba ta zage shi ba. Ta juya, ta tafi tana dogara sanda, ba ta waiwaya ba.

Isufu ya sa masa ankwa. Taron ya dare, sanduna suna ɓuya a bayan riguna. Muttaƙa ya yage buhun iri mai hoton ƙoƙon kai don likita ya gani, ya sunkuya ya ɗauki Mariyama.

Maigari ya matso yana murza hannu. "Goggo, a yi haƙuri. Ba mu sani ba."

"Ba ku sani ba," in ji ta. "Shekara tara gidan nan yana nan, Dikko. Yau ce ranar farko da duk garin ya zo ƙofarsa."

Ta hau kamyo ta karɓi yarinyar. Manzo na can baya a ɗaure, kansa tsakanin gwiwoyi.

Mariyama ta rayu. Hannunta na dama bai daina rawa ba, da hagu Saratu take koya mata rubutu. Manzo yana gidan kaso.

Kada ka ce mini mugu ɗaya ne, an kama shi, magana ta ƙare. Ga damina nan tafe, kuma jar gyadar tana cikin mangazar kowane gari. Gobe a masallaci ka tashi ka faɗa da ƙarfi cewa ba ta wankuwa, ko sau ɗari ne. Ka faɗa wa matanka su faɗa a bakin rijiya. Sa'an nan ka je gidan marayun garinku da ƙafarka, ka ce a buɗe maka buhu, ka sa hannu, ka ci abin da za a ba yaran kafin su ci. Yau nake nufi, ba da kaka ba.