Takunkumi a Ƙararrawar Baba

"Baba, ka hau ka cire fatar nan!"

"Ba zan cire ba."

"Aurena fa ranar Asabar ne!"

"Na sani, Bryony. Ai ni zan riƙe hannunki in shiga da ke coci." Ya ci gaba da yanka gasasshen naman Lahadi hankali kwance. "Miƙa wa Duarte romo."

Na dire kofin romon a gaban Duarte, wanda zan aura, har ya fantsama a kan dankalinsa. Bawan Allah ya ɗauki tsumma ya goge.

Babana, Clive Odling, shi ne shugaban masu kaɗa ƙararrawa a cocin ƙauyenmu tun kafin a haife ni. Ƙararrawa shida ne a hasumiyar, kowacce da igiyarta da mai janta. In an yi mutuwa, akan hau sama a ɗaura wa harshen kowacce takunkumin fata a gefe guda, sai bugun farko ya fito ras, na biyu ya biyo a dakushe. Duk wanda ya jiyo wannan sautin daga gonakin kabejinmu na Lincolnshire ya san an yi rashi.

To, babu wanda ya mutu. Kawai dai an sake ɗage ranar fitar ƙasarmu daga Tarayyar Turai ne, shi ke nan Baba ya ɗauki mabuɗi ya hau ya ɗaure ƙararrawa duka shida, ya rantse ba za a kwance ba sai ranar da aka fita.

Ku ji fa! Shekara uku ke nan ana abu ɗaya. Firaminista ya rufe majalisa, kotun ƙoli ta ce rufewar ta saɓa wa doka, 'yan majalisa suka dawo suna nuna wa juna yatsa, suka tilasta masa ya roƙi ƙarin lokaci, yanzu kuma wai zaɓe za a yi. Ni tuni na daina kunna rediyo. Amma rigimar da na guje wa a London, ga ta ta biyo ni har ƙofar coci.

Gwaggo Maureen, yayar Baba, ta ajiye cokalinta. A ƙuri'ar raba-gardamar da aka yi, ita zama a Tarayyar ta zaɓa, shi fita, kuma tun daga lokacin ba su ƙara yi wa juna magana kai tsaye ba. Amma kowace Lahadi sai ta zo ta ci namansa.

"Bryony, ki gaya wa ubanki tsohuwa Edna ta tare ni ɗazu da baƙar hular makoki, tana tambayar wa ya rasu."

"Ki gaya wa gwaggonki ƙuri'ar talakawa ce ta rasu. Alƙalai suka shaƙe ta, 'yan majalisa suka binne."

"Ki gaya masa alƙalan doka suka karanta, abin da shi bai taɓa yi ba. Ko takardar injin wanki ba ya karantawa."

"Ki gaya mata..."

"Ni ba 'yar aikenku ba ce!" Na buga tebur. "Ga ku nan hanci da hanci, ku gaya wa juna mana!"

Gwaggo ta ƙara karas a farantinta.

Duarte ya dafa hannuna a hankali. Likitan dabbobi ne, ɗan Portugal, shekarunsa da yawa yana duba shanu da aladun yankinmu. A gonar ƙawata na fara ganinsa, hannunsa har kafaɗa a cikin saniya, yana yi mata waƙa da yarensu. Mutum ne mai sanyin hali, kuma wannan sanyin da ya sa na so shi, shi ne ya fi ƙona min rai a ranar.

"Zuciyata, ki bari," ya ce. "Ƙararrawa ce kawai. Ko da gwangwani aka kaɗa mana, ni dai ke nake so."

"Kai kuma kada ka soma min!"

Na juya ga Baba. "Ka san ranar ƙarshe da na ji wannan sautin kafin yanzu? Ranar da muka binne Mama. Da shi kake so in fito daga coci da farar riga?"

Wuƙar ta tsaya a hannunsa. Na ɗauka na samu kansa. Sai ya ce, "Nama na hucewa."

Na ɗauki jakata na fice.

Duarte ya biyo ni mota. Ya tayar da ita, amma bai ja ba.

"Zan je wurin Reveran," na ce. "In ya ƙi, in sa a fasa ƙofar hasumiyar. Wallahi wannan tsohon zai haukata ni! A kan mutanen da ba su san yana duniya ba zai ɓata auren 'yarsa guda ɗaya!"

"Bryony..."

"Me?"

"Ba na jin a kan majalisa ne."

"To a kan uban wa?"

Ya sosa ƙeya, ya ƙi kallona. "Na gaya masa."

"Ka gaya masa me?"

"Maganar tafiyarmu."

Na rufe ido. Mun yanke shawara tun bazara cewa bayan sabuwar shekara za mu koma Portugal. Duarte ya gaji. Ya gaji da jiran a gaya masa ko shi baƙo ne ko ɗan gida. Ya gaji da manomin da zai ceto masa ɗan maraƙi da asuba, sannan ya tambaye shi cikin raha yaushe zai koma garinsu. An ba shi aiki kusa da mahaifiyarsa, ni kuma na ce duk inda ya sa ƙafa nan zan sa tawa. Sharaɗina ɗaya ne, kada Baba ya ji sai bayan biki.

"Mun yi alkawari, Duarte!"

"Na sani, masoyiyata, ki yafe min. Amma ya zan karɓi 'yar mutum daga hannunsa a gaban jama'a ina ɓoye masa inda zan kai ta? Na same shi a mashaya, na saya masa kofi ɗaya, na gaya masa."

"Yaushe?"

"Ranar da aka ɗage fitar. Ana cikin faɗa a talabijin ma."

"Sai ya ce me?"

"Ya shanye, ya saya min nawa, ya ce gobe za a yi sanyi. Da safe na ji ƙararrawa ta canja."

Na kifa kaina a jikin gilashi. Maza biyu nake da su a duniya, ɗaya ba ya iya riƙe magana, ɗayan kuma ba ya iya fitar da ita.

Ranar Laraba da la'asar na hau hasumiyar. Matakalar dutse ce mai murɗewa, matsattsiya, tun ina yarinya na tsane ta. Na tarar da Baba shi kaɗai a ɗakin igiyoyi, yana duba ulun da ake riƙewa a jikin igiyar babbar ƙararrawa, wadda ita ce tasa.

"Ki kula da kanki, ƙofar gajera ce," ya ce ba tare da ya waiwayo ba.

"Duarte ya gaya min ka sani."

"Na san me? Abubuwa da yawa na sani."

"Baba, don Allah! Sau ɗaya a rayuwarka ka yi magana kamar mutum!"

Ya saki igiyar. Ya zauna a kan benci, ya cire tabarau yana gogewa da gefen rigarsa. Sai a lokacin na lura da yadda ya rame a 'yan kwanakin nan.

"Ni ban taɓa nufin shi ba," ya ce. "Ranar da na kaɗa ƙuri'ar nan, ko a raina ban kawo Duarte ba. Yaron kirki ne. Shi ya zauna da karena har ya cika."

"To wa kake nufi?"

"Su can! Masu zama a ofis a wata ƙasa suna yanke mana yadda za mu rayu. An rufe masana'antar gwangwani, ba wanda ya tambaye mu. An ɗauke motar haya, an ɗauke likita daga ƙauyen nan, ba wanda ya tambaye mu. Rana ɗaya tak aka tambaye mu, muka ba da amsa, ga shi har yau suna ja mana rai." Ya ɗago ya dube ni. "Kuma ko gobe aka sake, haka zan zaɓa. Kada ki zaci na yi nadama."

"Ban ce ka yi nadama ba. Fatar nan na ce ka cire."

"In na cire, sai in kaɗa miki me? Murna?" Ya sunkuyar da kai. "Uwarki tana kwance a bayan cocin nan. Ke kuma za ki haye teku. Maureen ba ta min magana. Wa zan gasa wa nama ranar Lahadi, Bryony?"

Na so in rungume shi, na kuma so in jijjiga shi har sai tabaran ya faɗi.

"Shi ne ba za ka kira ni ka ce 'yata, zan yi kewarki ba? Sai ka tayar da hankalin ƙauye guda, ka sa tsohuwa Edna ta fito da baƙar hula, ka laɓe a bayan majalisa?"

"Mu ba a haka aka rene mu ba."

"To ni na gaji da yadda aka rene ku!" Hawaye suka zubo min. "Ba mutuwa zan yi ba, Baba, aure zan yi. Jirgi na zuwa kullum. Ina son mutumin nan kamar raina, kai ma ina son ka, kuma ba zan zaɓi ɗaya ba, na gaji da zaɓe! Abu ɗaya nake roƙo. Kada ka raka ni da sautin da ka raka Mama."

Ya mayar da tabaransa. Ya daɗe yana kallon igiyoyin nan shida.

"Na rantse a gaban mutane," ya ce.

"To ka zauna da rantsuwarka."

Na sauko ina kuka, na kuma buge goshi a gajeriyar ƙofar.

Har ranar Asabar bai ce min komai a kai ba, ni ma ban ƙara tambaya ba. Reveran ya ce zai iya hana a kaɗa gaba ɗaya, na ce a'a, a bar Baba ya yi abin da zuciyarsa ta ba shi, kowa ya ji.

Baba ya zo ɗaukata cikin kwat ɗinsa mai ruwan toka wanda ya yi masa yawa. Ya dube ni sama da ƙasa, idonsa ya kaɗa, sai ya ce, "Za ki ji sanyi a rigar nan."

"Na gode, Baba. Kai ma ka yi kyau."

Ya riƙe hannuna muka shiga. Mahaifiyar Duarte tana layin gaba tana ta share hawaye, Gwaggo Maureen na miƙa mata hankici, ba mai jin yaren wata. Da Reveran ya tambayi wa ya ba da wannan mace, Baba ya ce, "Ni ne," ya ɗora hannuna a kan na Duarte, ya danne su da nasa ya ƙi saki, har sai da Reveran ya yi gyaran murya.

Ana waƙar ƙarshe na ga Baba ya zame ta ƙofar hasumiya.

Muka juyo muka nufi waje.

"Ko me muka ji, ina nan," Duarte ya raɗa min. "Riƙe ni, hasken idona."

Aka buɗe ƙofa. Ƙararrawa ta farko ta buga, ras! Ta biyu, ta uku, ta huɗu, ta biyar, suka zubo a jere, suka sake zagayowa garau, babu fata, babu dakushewa. Jama'a suka ɗau tafi. Na ƙanƙame Duarte ina dariya ina kuka.

Sai kunnena ya kama ta shida.

Babbar, mai zuwa a ƙarshen kowane zagaye. Bugu ɗaya da ƙarfi, na biyu can ƙasa-ƙasa, a shaƙe. Biyar suna ta murna, ita tana biye da su da takunkuminta.

"Kai, wannan mutum!" Gwaggo Maureen ta dafe hularta. "Taurin kai har a auren 'yarsa!"

Na tattare rigata, na ratsa masu watsa mana furanni, na tsaya a gindin matakala ina huci har suka gama. Masu kaɗawa suka sauko ɗaya bayan ɗaya suna sunkuyar da kai. Baba ne na ƙarshe, ya cire kwat, gumi ya jiƙa masa riga.

"Ka bar ɗaya!" na ce.

"Na bar ɗaya."

"Baba, me ya sa kake..."

"Biyar naki ne, ke da mijinki. Da asuba na hau na kwance su da hannuna, kuma har zuciyata na yi." Ya kamo fuskata da tafukansa masu kaushin igiya, hawaye na bin kumatunsa a gaban kowa. "Ɗayar tawa ce, 'yata. Zan yi kewarki. Ki bar ni da ita."

Na manta da duk faɗan da na taho da shi. Na faɗa ƙirjinsa da farar rigata, shi kuma ya miƙa hannu ɗaya ta bayana ya jawo Duarte.