Ba Ni Da Kowa A Ciki

"Dogo ne ya shiga tashar..." in ji wani a bayanta.

Auta ta ji maganar kamar an watsa mata ruwan sanyi, amma ba ta ɗaga kai daga oba-obar da ke gabanta ba. Ɗakin hukumar agajin gaggawa ya kacame tun safe, lokacin da 'yan ta'adda suka saki iskar guba a tashar jirgin ƙasa. Sojoji, likitoci, 'yan kwana-kwana, kowa muryarta yake jira. Ita ce ke faɗa wa kowane ayari inda zai nufa da lokacin da zai ja baya.

Dogo kuwa shugaban 'yan kwana-kwana ne, kuma shi ne mutumin da Babanta ya rantse ba zai ba wa 'yarsa ba.

"Kullum yana cikin wuta," in ji Baba. "Takaba kike so ki yi da ƙuruciyarki?"

Sai ta ce wa kowa sun rabu. Ƙarya ce tsagwaronta, don ko jiya sai da ya kira ta yana tsokanarta wai ta fi barkono zafi.

Muryar Dogo ta fito daga oba-obar cikin ƙarar numfashi, yana kiran ɗakinsu.

"Cibiya, fankokin tashar suna tura gubar waje, wajen layin asibitin yara. Makunnin sama ya ƙone. Sai an sauka ƙasa an kashe da hannu."

Ta danna maɓallin za ta amsa, sai Mataimakin Darakta ya matso. Shi ne wanda Baba yake so mata, kuma ya daɗe da sanin ba ta rabu da kowa ba.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa Darakta a hankali, "ka san dokar ɗakin nan. Mai ɗan'uwa ko masoyi a wurin haɗari ba ya riƙe oba-oba. A tambaye ta."

Darakta ya dube ta.

"'Yata, kina da wani a ciki?"

Idan ta ce e, za a fitar da ita waje a rufe ƙofa. Wani ne zai riƙa lissafa masa iskar da ta rage a tukunyarsa, ita kuma ko tarinsa ba za ta ji ba.

"Ba ni da kowa a ciki," ta ce.

Sai a lokacin ta lura yatsanta yana kan maɓallin. Duk wanda ke kan layin ya ji ta.

Dogo ya yi magana da wata irin muryar da ba ta san shi da ita ba.

"Na ji, Cibiya. Zan sauka."

Zuciyarta ta ce kira shi da sunan da kike kiransa, ki ce masa ƙarya kika yi. Amma Darakta yana tsaye a kanta, Mataimaki ya kafe ta da ido, kuma motocin asibiti suna jiran ta buɗe musu hanya. Ta haɗiye kukan.

"Bi matakalar hagu. Iskarka ta yi ƙasa, kada ka tsaya."

"To."

"Ka kai ƙofar ƙarfen?"

"Na kai... ta cije."

Ta ji yana dukanta da kafaɗa. Ta ji numfashinsa yana sarƙewa. Tana jin haka ta tura likitoci gabas, ta mayar da sojoji baya, muryarta ko rawa ba ta yi ba. Har yau ba ta yafe wa muryar nan ba.

Fankokin suka tsaya. Ɗakin ya ɗauki hamdala, wasu har da rungumar juna.

An fito da Dogo, amma ya cika a tantin da ake wanke waɗanda gubar ta taɓa. Saboda gubar, ba a bar kowa ya ga fuskarsa ba.

Ranar da ta je gaisuwa, Baba da kansa ya kai ta har ƙofar gidan, ya kasa haɗa ido da ita. Ta tarar da mahaifiyar Dogo a zaune kan tabarma, 'yar tsohuwa mai irin dogayen yatsunsa.

"Ke ce yarinyar oba-oba?" tsohuwar ta tambaya. "An ce ke kika ji maganarsa ta ƙarshe. Zo nan kusa da ni."

Auta ta durƙusa.

"Me ya ce, 'yar nan?"

"Cewa ya yi... an gama, Inna. Fankokin sun tsaya."

Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta share ido da bakin mayafinta.

"Halinsa ke nan, aiki dai. To ke me kika ce masa? Na san ba ki bar min shi ya tafi babu kalma mai daɗi ba."

Auta ta buɗe baki, hawaye suka riga maganar fita.

"Na ce masa... saƙo ya iso, a bar layi."