Giram Goma Sha Biyu

Ranar Litinin da hantsi wata budurwa ta shigo caji ofis riƙe da ambulan, ta ce an yi mata sata. Sufeto ya ture kofin shayinsa gefe, ya shiga gwada birukan da ya jera a aljihun gaba. Na ukun ne ya yarda ya yi rubutu.

Auta ake ce mata. 'Yan kunne take haɗawa da hannunta tana sayarwa a intanet. Ranar Laraba ta aika ambulan ashirin da uku, duk wadda ta buɗe nata sai ta tarar da maɓallan riga. Masu shafin kasuwar sun ba ta kwana uku: ko ta kawo takardar 'yan sanda cewa sata aka yi, ko su rufe shagonta su liƙa mata sunan 'yar damfara.

"Ashirin da uku a rana ɗaya?" in ji Saje daga bakin ƙofa. "Kina zaune a ɗaki ƙarƙashin fanka?" Ya ja tsaki ya koma bencinsa.

Sufeto ya zazzage ambulan ɗin da wata mai saye ta maido. Maɓallai shida, an naɗe su a takarda mai laushi ruwan hoda, an ƙulle da ribom kamar kyautar amarya.

"Ke kika yi wannan naɗin?"

"A'a, Yallaɓai."

"Kin san mai shi?"

Ta duƙar da kai tana kallon silifas ɗinta. "Ban sani ba. Ni takardar kawai nake so."

"Takarda da ɓarawo tare muke bayarwa." Ya juya ambulan ɗin. Gidan waya sun rubuta giram sittin da biyu.

"Ambulan ɗina ba ya wuce giram hamsin," ta ce da sauri. "Yana wucewa kuɗin aikawa ya ninka. Shi ya sa ba na sa kwali. Ko katin da nake soke 'yan kunnen a jiki, sai na rage masa gefe da almakashi. Mutane ba sa son kuɗin kawowa ya fi kuɗin kaya."

A gidan waya Sufeto ya samu mai sikeli, wani dattijo da gilashinsa ke rataye a ƙarshen hanci.

"Yarinyar nan? Arba'in da tara, kullum arba'in da tara. Shekara biyu ina jiran ta kuskure ko sau ɗaya, ta ƙi. Ɗana yana da digiri, ko allura bai taɓa sayarwa ba."

"Ranar Laraba fa?"

"Ranar na ji daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Dukansu sun wuce. Mai babur ɗin da ke kawo jakar ambulan ɗinta ya saba zuwa ƙarfe tara, ranar sai sha biyu saura. Kuma ya biya ƙarin bai ce uffan ba, mutumin da ko sannu ka yi masa sai ya nemi ragi."

Mai babur yana gindin bishiya yana goge madubi da hularsa.

"Kai tsaye na tafi, Yallaɓai. Cunkoso ne ya riƙe ni."

"Awa uku? Titi biyu ne tsakani."

"Taya ma ta yi faci."

"Wacce?"

Ya kalli ta gaba, ya kalli ta baya, ya kasa zaɓa. Da Saje ya kaɗa ankwa sai bakinsa ya buɗe. Yayar Auta ce ta tare shi a bakin get bayan Auta ta fita kasuwa, ta ce an manta ba a sa katin godiya ba. Ta shige da jakar ta daɗe, ta fito ta ba shi kuɗi ko da nauyi ya ƙaru, ta ce kada ya faɗa wa Auta, bazata take shirya mata.

Yayar, Darakta ake kiranta a gidan, don haka ta buga a katinta. Kamfanin nata ɗaki ɗaya ne kusa da kicin. Akwai fitilar ɗaukar hoto mai zagaye, da takardar shaidar kwas na sati biyu a cikin firam, da kwalaye masu ruwan gwal jere har silin, ƙura ta kwanta a kan na sama. Ita ma 'yan kunne take sayarwa, a cewarta.

"Bismillah, Sufeto. Ka yi sa'a ina da minti biyar tsakanin mitin da mitin."

Wayarta na kan tebur, ba ta yi ƙara ba har suka gama.

"Kin taɓa jakar ƙanwarki ranar Laraba?"

"Ni? Ba na taɓa ambulan. Kayana a kwali suke tafiya, mota ta musamman ke kai su har ƙofa. Kwastomomina ba 'yan neman araha ba ne."

"Nawa kika aika a watan nan?"

Ta gyara zaman gilashinta. "Muna sake fasali ne."

Auta ta zo ta raɓe a bakin ƙofa, mahaifiyarsu na bayanta da ludayi a hannu. Sufeto ya ɗora ƙullin maɓallan a tebur, ya juya wajen Saje.

"Mu tafi, ba ita ba ce. Dubi naɗin nan. Wannan aikin ɗan ƙauye ne, mai babur ɗin ne ya cukurkuɗa shi a kan gwiwa. Wanda ya yi kwas ba zai yi wannan ƙazanta ba."

"Ko mai nama ya fi shi iya ƙulli," in ji Saje.

Darakta ta miƙe tsaye.

"Ƙazanta? Ninki bakwai ne wannan! Ka san awa nawa na yi kafin kunnuwan ribom ɗin su zo daidai?"

Ludayin ya faɗi.

A cikin kwali na huɗu daga ƙasa Saje ya samo 'yan kunnen, duka ashirin da uku, kowanne a jikin ɗan katinsa.

"Me ya sa?" in ji Sufeto.

"Ni na buɗe mata shafin nan da hannuna," in ji Darakta. "Ni na yi kwas. Kullum wayarta ƙil, ƙil, ana saye, ni ina jin ta ta bango. Mama in baƙi sun zo, 'Autata 'yar kasuwa ce.' Ni kuma a ce in kawo musu ruwa. A kan me? A kan ambulan!"

Mahaifiyar ta sunkuya ta ɗauki ludayinta.

Sufeto ya zauna a kujerar Darakta mai juyawa, ya rubuta takardar, ya buga hatimi, ya miƙa wa Auta. Shagonta ya tsira. Ta riƙe takardar da hannu biyu, hawaye na sauka.

"Yallaɓai, tun da kayan sun dawo, a bar ta mana."

"Mutum ashirin da uku aka aika wa maɓalli. Wannan sai gaban alƙali."

Saje ya sa Darakta a gaba. A bakin ƙofa Auta ta riƙo gefen mayafinta.

"Yaya, da kin tambaye ni ai da na nuna miki. Ba wani abu ba ne, minti biyar ne."

Darakta ta fizge mayafin, ta kalle ta daga sama har ƙasa.

"In tambaye ki? Ni da na goya ki?"

Ta ɗaga kai ta wuce gaban Saje, takalminta mai tsini yana ƙwas ƙwas har bakin get.