Hanjin Moton Malam Ado

Taku ɗaya Malam Ado ya yi wa motonsa a ƙofar gida ranar Laraba da hantsi, ya saurara, ya kashe. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana jin muryar wannan tsohon ɗan Japan, tun yana yawon allurar shanu tsakanin Gabi da Safo, kuma abin da ya ji yau ba ita ba ce. Bai buɗe injin ba. Ya tura moton da ƙafa har rumfunan kanikawa da ke bakin tashar Madarumfa, ya tsaya gaban Ilyasu, wanda shi kaɗai ke taɓa moton shekara goma sha biyar, ya kira shi ɓarawo a gaban mai shayi da 'yan kabu-kabu. Daga nan ya wuce wurin jandarma. Kafin rana ta yi tsaka Ilyasu yana zaune a ɗakin baya, an karɓe masa hula da takalmi.

Ajudan Umar, babban jandarman wurin, ya duba lambar inji, ya duba takardar moto, ya ga sun dace. Sai ya aika a kira Hamisu, sarkin kanikawan garin, dattijon da ya ajiye kile, wato sifana, shekara shida da suka wuce saboda ciwon baya, ya koma sayar da kayan moto irin su buji da sarƙa a kan tebur.

"Sarki, ni takarda na sani," in ji Ajudan. "Takarda ta ce injin nasa ne, shi kuma ya ce an sauya mishi hanji. Ka duba min. In gaskiya ne, gobe da safe yaronka shina gaban alƙali."

Hamisu bai ce Ilyasu ba zai aikata ba. Ya daɗe a sana'ar nan, ya ga mutumin sahun gaba a masallaci ya musanya wa amininsa batir. Amma ya san bakanike da sunansa yake ci. In aka kai Ilyasu gaban alƙali, ko an sallame shi, ba wanda zai sake barin moto ya kwana a hannunsa.

Ya shimfiɗa buhu a ƙarƙashin dogon yaron da ke tsakar gidan jandarma, ya kwance injin a hankali, yana jera kowane noti inda ya fito. Kunnen tsoho bai yi ƙarya ba. Silanda sabo ne, fiston sabo ne, irin na banza da ake zubawa a tabarma ranar kasuwa. Na ainihi babu su. Ya leƙa can ƙasa, ya ga sandar da ke riƙe fiston ta yi shuɗi kamar ƙarfen da ya sha wutar maƙera, ya shafa ya ji garin ƙarfe a yatsansa. Ya sa wuƙa ya ɓamɓaro juwan, wato ɗan kwalin da ake sawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada mai ya yoyo. Ya yi baƙi ƙirin. Ya nemi esansi, wato fetur, a gwangwani ya jiƙa shi, ya ce a bari ya sha. Daga ƙarshe ya buɗe murfin wani ƙaramin tanki da ke gefen moton, ya tsoma tsinke. Tsinken ya fito jiƙe har wuya da mai sabo, fes da shi. Hamisu ya dubi tsinken ya ɗan jima, sannan ya yar.

Malam Ado na zaune a benci da baƙin tabarau a fuska. Hamisu ya tambaye shi inda moton ya kwana a watannin nan. Tsohon ya ce an yi masa aikin ido a Maraɗi sati biyar da suka wuce, ido ɗaya bayan ɗaya, ya yi sati uku a ɗaki ba ya fita. Moton yana cikin shagon zaure, makulli a rataye jikin ƙusa. Surukinsa Abdoul Aziz, mijin 'yarsa, mushen lakwal, wato malamin makaranta, shi ya yi ta kai da kawo da shi, shi ke sayo magani. Tsohon ya ce tun da aka taɓa masa idon nan ba abin da ya tafi daidai: katinsa na likita ya ɓata, ya koma a duba shi aka tsare shi da faɗa kamar yaro, ga shi yanzu an yi wa motonsa yankan hanji. Satin jiya ne surukin ya ce ya kamata a gyara taya da wayoyin ƙafa kafin ya koma hawa, ya tura shi da kansa wurin Ilyasu. Kwana biyu ya yi can.

"Kwana biyu sun ishi ɓarawo," in ji Malam Ado.

"Sun ishe shi," in ji Hamisu.

Ya shiga wurin Ilyasu. Mutum ne ɗan shekara arba'in, mara yawan magana, ya haɗa kai da gwiwa. Ya ce taya ya sauya, ya ɗaure wayoyi, shi ke nan. Bai ma tayar da moton ba, don an kawo shi tanki a bushe, kuma Mushe ya ce Baba ba ya son a tayar sai shi da kansa.

"Kai ka zuba mai a ƙaramin tanki?" in ji Hamisu.

Ilyasu ya ɗago ya dube shi kamar an zage shi. "Sarki, ni na yanke tiyon nan da hannuna shekara tara da suka wuce. In zuba mai a ciki don mi?"

Hamisu ya gyaɗa kai. Moton na da ne, mai hayaƙi, wanda ba ya rayuwa sai an haɗa masa esansi da baƙin mai. A da akwai ɗan famfo da ke jawo man daga ƙaramin tankin ya yi haɗin da kansa. Da famfon ya mutu aka rasa irinsa har Katsina, sai Ilyasu ya toshe hanyar, Malam Ado ya koma yin haɗinsa da hannu, gwangwanin tumatir ɗaya a kan lita biyu. Tankin yana nan maƙale don ado kawai.

Daga nan Hamisu ya taka zuwa tasha. Ɗan Baba shi ke da rumfar da ke jikin ta Ilyasu, kuma shago ɗaya suke kulle motocin kwana, kowa da makullinsa. Gari duk ya san sau uku yana taya moton Malam Ado ana korar shi, kuma yana da mutane a garin Ɗan Issa masu sayen tsoffin kayan Japan ba su tambayar daga ina. Hamisu ya same shi yana cin rogo da ƙuli, jan gam ya bushe a yatsunsa. Bai yi kewaye ba, ya ce masa sunansa na biyu a bakin mutane.

Ɗan Baba ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce shi ba waliyyi ba ne, amma ba wawa ba ne kuma. "Ka duba karbirato?" in ji shi.

"Yana nan."

"Na ainihi?"

"Na ainihi."

"To ka gani. Noti biyu ne, kafin mai shayi ya kaɗa madara na cire. Shi ne abin da ake nema a wanga moto. Wane ɓarawo zai bar shi ya tsaya wunin banza kan silandan da ya girme ni?"

Hamisu ya dubi yatsun nan masu jan gam. Ɗan Baba bai taɓa yanka juwan ba a rayuwarsa. Na kanti yake saye ya lafta masa gam, har kanikawa na cewa ko leɓensa ya tsage da gam zai liƙe. A injin Malam Ado babu ko ɗigo. Ya karɓi guntun rogo ya tafi.

Bayan azahar Abdoul Aziz ya kawo wa surukinsa abinci a gidan jandarma. Matashi ne tsaf, riga a goge, biro biyu a aljihun gaba, shuɗi da ja. Tun da safe ya riga ya sa hannu a takardar Ajudan cewa ba wanda ya taɓa moton a gida. Ya durƙusa ya gaida Hamisu. Hamisu ya amsa yana goge noti da tsumma, ya yaba masa ɗawainiyar da ya yi da tsoho, ya ce ba kowane suruki ke haka ba a yau.

"Har moton ma na ga ba a bar shi da ƙishi ba," in ji Hamisu. "Ƙaramin tankin nan cike yake."

"Ai dole, Baba," in ji Abdoul Aziz. "Tsohon inji ba a barin shi babu mai. Ni na cika shi."

"Madalla. Yaushe?"

Matashin ya kawar da kai. Ya ce ya manta ranar.

Hamisu ya roƙi Ajudan a fito da Ilyasu. Ya ciro kwalin daga gwangwani, ya matse shi tsakanin tsumma, ya aza a kan murfin tanki da rana ta gasa. Kafin su gama zama ya bushe. Sannan ya yi magana, ba sauri, kamar mai faɗin farashin kaya.

Ya ce wannan ba aikin ɓarawo ba ne, don ɓarawo mai kyau yake ɗauka, ga karbirato an bari. Shuɗin da ke jikin ƙarfen da garin da ke ƙasa sun nuna injin ya ci wuta ne ya kame a kan hanya, an hau shi da esansi zalla babu haɗi. Wanda ya hau ba sakarai ba ne, ya san tsohon moto na son mai, shi ya sa ya cika ƙaramin tanki ya kama hanya hankali kwance. Abin da bai sani ba shi ne tankin ya mutu tun shekara tara. Mutum biyu suka san haka a garin nan, mai moton da mai gyaransa. Ɗaya yana kwance an rufe masa ido, ɗayan shi ya yanke tiyon.

Ya ɗaga kwalin. Ya ce bakanike irin Ilyasu in zai yi juwan, aza kwalin sukari yake a kan ƙarfen ya bi gefe da ƙaramar guduma har siffar ta fita da kanta, gefen ya kan dandaƙe. Wannan kuwa an zana shi ne tukuna, aka bi da almakashi. Ga sauran zanen nan a gefe, ja. Ya miƙa wa Ajudan ya ce ya karanta masa bayan, shi bai yi lakwal ba.

Ajudan ya juya kwalin. Akwai rabin hatimi, da zanen ido, da kwanan wata na watan jiya, da abin da almakashi ya rage na sunan mai katin. Ya karanta a fili. Malam Ado ya cire tabaraunsa.

"Ga katinka na likita, Malam," in ji Hamisu. "Shi ne kwali mai kauri da ya fi kusa da hannu a ranar. Ilyasu bai taɓa shiga ɗakinka ba."

Abdoul Aziz bai yi gardama ba. Kansa a ƙasa ya ce ranar da maganin ɗigawa ya ƙare nasa moton na da faci, ya ɗauki na Baba ya nufi Maraɗi, ya mutu masa kafin ya kai. A amalanken jaki ya dawo da shi. Ya sayo kaya a Ɗan Issa, ya rufe shagon zaure ya ɗaura da kansa yana kallon yadda ake yi a waya. Ya ce nauyin surukuta ne ya hana shi faɗa. Da Ajudan ya tambaye shi dalilin zuƙe tankin da kai moton rumfar Ilyasu, sai Hamisu ya amsa a madadinsa: don kada Ilyasu ya tayar ya ji muryar, laifin kuma ya faɗa kansa. Tsoffin kayan, in ji Abdoul Aziz, suna cikin buhu a bayan rumbu.

Ajudan ya ce lalacewar moto maganar gida ce, amma sa hannu a kan ƙarya don a kulle wani, wannan maganarsa ce. Ya nuna wa Abdoul Aziz bencin da Ilyasu ya tashi daga kai. Aka miƙo wa Ilyasu hularsa da takalminsa. Malam Ado bai dubi surukinsa ba ko sau ɗaya.

Hamisu ya mayar da notunan, ya naɗe buhunsa. Da la'asar sakaliya yana zaune a teburinsa ya hango Malam Ado tafe, yana tura moton, buhun tsoffin kaya ɗaure a baya. Wani ɗan kabu-kabu ya taso zai kama masa, ya hana. Ya tsaya daidai inda ya tsaya da safe, ya jira har mai shayi ya rage rediyo.

"Jama'a, a nan na ce Ilyasu ɓarawo ne," in ji shi. "Ƙarya na yi. Ɓarnar daga gidana take."

Ilyasu ya taso. Ya kwance buhun, ya ciro tsohon silandan, ya ɗaga shi saitin rana yana juyawa, ya bi cikinsa da farce. Ya ce zanen bai yi zurfi ba, akwai mai injin ƙwaƙula a Maraɗi, za a iya.

"Muryar za ta dawo?" in ji Malam Ado.

"Za ta dawo, Malam," in ji Ilyasu. Ya jawo kile. "Amma mai kunne zai ji an taɓa gyara."