Ranar Miƙa Makulli

Tun ƙarfe takwas na safe motar kwashe kaya take tsaye a ƙofar gidan Doreen Ackroyd a Halifax, an gama loda komai, har gadon da ta kwana a kai shekara arba'in da ɗaya. Ita kuwa tana zaune a kan kwali a tsakiyar falo, sanye da rigar zuwa coci, waya a cinyarta, tana jiran lauya ya kira ya ce an kammala ciniki. Ranar Juma'a ce, sha huɗu ga Maris, ranar da dillali ya rubuta mata da manyan baƙaƙe cewa ita ce ranar miƙa makulli. Sha biyu ta yi, ɗaya ta wuce, wayar ba ta yi ƙara ba... Da ƙarfe uku shugaban masu kwashe kayan ya leƙo yana sosa ƙeya.

"Mama, mu fa ƙarfe biyar muke tashi. Mu sauke ko mu wuce?"

"Ku ƙara haƙuri, ɗana," in ji ta. "Gavin ba zai yi mini ƙarya ba. Ni na yi masa wanka yana jariri."

Gavin shi ne dillalin, ɗan ƙanwar mijinta Clifford. Shi kuwa Clifford shekara biyu ke nan ciwon mantuwa ya kwantar da shi a gidan kula da tsofaffi a Skipton, inda sai ta hau bas uku kafin ta gan shi. Da wani ɗan gida mai ɗaki ɗaya ya fito kasuwa daura da inda yake, sai ta yanke shawarar sayar da nata ta koma can. Masu ɗan gidan suka ce za su jira ta, amma ba za su wuce ƙarshen Afrilu ba. Gavin ya dafa kafaɗarta ya ce, "Anti, wa yake maganar Afrilu? Sha huɗu ga Maris kina can kina shan shayi da Kawu." Abin da bai gaya mata ba shi ne, a nan ƙasar ranar da dillali ya tsayar buri ne kawai, ba ta ɗaure kowa har sai lauyoyi sun yi musayar takardu. Ita kuwa ta ɗauke ta alkawari, ta je ta zagaye ranar da jan biro a kalandar da ke gefen gadon Clifford, ta ce masa, "Daga wannan rana ba zan sake barinka in koma ba." Mutumin da ya manta sunan titinsu, ya manta yadda ake ɗaura takalmi, sai ga shi ya riƙe wannan rana gam.

Da yamma aka sauke kayan cikin ruwan sama, katifa ta jiƙe, madubin uwarta ya fashe. Sai ga Gavin ya iso cikin kwat mai sheƙi, yana ratsa kwalaye kamar yana tsallake kwata.

"Anti, ai laifinki ne. Takardun da lauya yake jira, na bayanin gida da kayan da za ki bari, ba ki kawo ba."

"Na kawo maka da hannuna, Gavin, tun watan Janairu. Kai ka ce in ba ka, kai za ka kai wa lauya..."

"Anti," ya ce a hankali, yana murmushi, "ko dai ciwon Kawu ya fara taɓa ki ne?"

Na daɗe ina juya wannan magana a raina, har yau in na tuna ta sai in ji abinci ya fita kaina. Ƙarya ita kaɗai mugun abu ce, amma a ɗauki ciwon mijin mace a mare ta da shi, wannan ban san sunansa ba.

Bai tsaya nan ba. Cinikin sarƙa ne: iyalai biyar, kowa sai ya sayar kafin ya saya, in ɗaya ya tsaya duk sun tsaya. Gavin ya bi su ɗaya bayan ɗaya a waya yana cewa tsohuwar ce ta rikice. Doreen ta je wajen lauya ta sake cike takardun, aka ce sai an sake bin layi, mako biyar ko shida. Tana kwana a kan katifa mai warin danshi, tana dafa shayi a tukunyar da maƙwabciya ta ara mata. Sau biyu Gavin ya zo da wani abokinsa mai sayen gidaje yana yayyanka su ɗaki-ɗaki don haya, wai a shirye yake ya saya cikin kwana goma in za ta sauko da farashi sosai. "Afrilu fa na tafiya, Anti," in ji shi. Ita kuwa sai ta durƙusa tsakanin kwalaye tana kuka: "Ya Ubangiji, kai ka ga hannuna ranar nan. Kada ka bar Clifford ya ce na yaudare shi..."

Ranar wata Talata aka buga ƙofa da ƙarfi. Bethany ce, matar da za ta sayi gidan, da cikinta wata takwas.

"Ke ce Misis Ackroyd? Kin san a ina nake kwana? A kujerar falon surukata, ni da wannan tulun cikin. Saboda ke kin kasa cike takarda huɗu. In ba kya son sayarwa ki faɗa, ki daina wasa da rayuwar mutane."

Doreen ta jawo mata kwali ta zauna, ta zuba mata shayi, hawaye na ɗiga a kan faranti.

"'Yata, na kai su ofishin Gavin. Har kek ɗin lemo na gasa musu ranar, na sa a gwangwani mai hoton kyanwa. Ba a shiga ofishin mutane hannu rabbana."

Bethany ta ajiye kofin. Wata uku tana bin shafin ofishin dillalan nan na intanet kullum don ganin ko akwai labari, kuma ta tuna da wata kyanwa. Ta zaro waya ta yi ta ja baya har Janairu. Ga hoton nan: ma'aikata suna dariya, Gavin a tsakiya da yankan kek a baki, an rubuta godiya ga Misis Ackroyd. Ga gwangwanin, a ƙarƙashinsa kuma ga ambulan mai ruwan ƙasa, da rubutun Doreen ɓaro-ɓaro: Zuwa ga lauya, ta hannun Gavin.

"Mama, ki yafe mini," in ji Bethany. "Ɗauko mayafinki. Yau zai amayar da kek ɗin nan."

Suna isa, a gaban mai ofishin da ma'aikata duka Bethany ta ɗora wayar a kan tebur. Aka buɗe aljihun teburin Gavin, aka sami ambulan ɗin ko farke shi ba a yi ba, tare da saƙonnin da suka yi da abokinsa a kan kason da zai samu. Ya fara "Anti, ki saurare ni..." Doreen ta dube shi ta ce, "Ba ni gwangwanina." A ranar aka kore shi, aka kai ƙararsa hukumar da ke kula da dillalai, danginsa ma suka daina gayyatarsa cin abincin Lahadi.

Wasu sun ce da ba a tsayar da rana ba, da Doreen ba ta sha wannan wuya ba. Wasu sun ce in babu rana, ciniki sai ya yi shekara yana jan ƙafa. Ni dai abin da na gani, lamba ce a kan takarda, amma tsohuwa ta jingina rayuwarta da ita, kuma wanda ya rubuta ya san za ta jingina.

Ranar ashirin da biyar ga Afrilu aka miƙa makulli. Doreen ta ajiye kaya ta tsallaka titi tana shirya yadda za ta ba da haƙurin mako shida. A bakin ɗakin ta haɗu da Marjorie, ma'aikaciyar da ke kula da Clifford, wadda ta sa yatsa a leɓe ta nuna mata bango. Kalandar tana nan a watan Maris, an soke ranaku har zuwa sha uku, daga nan ba a ƙara ba.

"Kullum sai ya tambaya," in ji Marjorie a hankali. "Kullum in ce masa gobe ne."

Ta miƙa wa Doreen biron. Doreen ta soke sha huɗu. Clifford ya ɗago kai daga matashi, ya dubi bangon, ya dube ta, fuskarsa ta washe.

"Dori," ya ce. "Kin zo a kan lokaci."